Kafin ka biya kuɗin tokunbo: yadda ake gano aibin da mota ta fito da shi daga kamfani

A wajen sayar da motoci, ko a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, akwai maganar da ke saurin ƙulla ciniki: "Toyota ce fa, Alhaji." Da an faɗi haka sai mai saye ya saki jiki. Dillalin bai yi ƙarya ba, domin akwai kamfanonin da suka yi suna wajen ƙarko, kuma da guminsu suka samu sunan. Sai dai abin da za ka kai gida mota ce guda ɗaya, wadda aka ƙera a shekara kaza, da inji iri kaza, a masana'anta kaza. Camry ɗin da ake kira Muscle ta isa misali. Jiki ɗaya ne daga 2007 zuwa 2011, amma mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da inji mai lita 2.4 da ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, ta 2010 da 2011 kuma an sauya mata inji zuwa mai lita 2.5. Daga nesa kusan ba ka bambance su. A gareji ne bambancin ke fitowa.

Babu kamfanin da bai taɓa fitar da mota mai aibi ba. Abin da ya shafe mu shi ne, idan kamfani ya amsa laifinsa, a ƙasar da ya sayar da motar yake aika wasiƙa, a can yake gyarawa kyauta. Motar da ta hau jirgin ruwa ta sauka a Tin Can ko Kwatano ta zo da aibinta, wasiƙar kuma ta tsaya a wani akwatin gidan waya a Amurka. Don haka aikin bincike ya dawo kanka.

Da farko, san yadda kamfani ke amsa laifi

Hanya uku ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce kiranye: kamfani ya yi shela cewa motoci iri kaza suna da aibin da zai iya jawo haɗari, a dawo da su a gyara kyauta. A Amurka, inda yawancin tokunbo ɗinmu ke fitowa, doka ce tun 1966, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA ke sa ido. Idan kamfani ya tabbatar da aibi, kwana biyar na aiki gare shi ya sanar da hukumar, kwana 60 kuma ya sanar da masu motocin. Gyaran kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba, ko a hannun mutum na nawa take.

Ta biyu takardar da kamfani ke aika wa garejin wakilansa ce, wadda ake kira TSB. Tana cewa: idan an kawo muku mota iri kaza tana kaza, ga musabbabin, ga yadda ake gyarawa. Ba a aika wa mai mota, kuma idan garanti ya ƙare, shi zai biya.

Ta uku ƙarin garanti ne a kan ɓangare ɗaya. Ƙorafi ya yi yawa, ko an kai kamfani kotu, sai ya ce ya ɗauki nauyin wannan ɓangaren har shekara kaza. A ganina wannan ta ukun ta fi tona asiri, domin kamfani ba ya ƙara garanti a kan abin da ba ya lalacewa.

Kada kuma ka ɗauka shirun kamfani shaida ce ta lafiya. Kamfanin General Motors ya shafe kusan shekara goma yana da labarin cewa makunnin wasu ƙananan motocinsa, irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, kan zame ya kashe inji ana cikin tafiya, sitiyari ya yi tauri, jakar iska ta ƙi tashi. Sai a 2014 ya yi kiranyen mota miliyan 2.6. Asusun diyyar da ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 ya biya tarar dala miliyan 900. Toyota ita ma a 2014 ta biya dala biliyan 1.2 bayan ta amsa cewa ta ɓoye wa jama'a abin da ta sani game da maƙalewar totur. Kiranye yakan zo a makare. Wani lokaci ma sai an yi asarar rai.

Mataki na 1: ɗauki lambar jikin motar da hannunka

Lambar da dillalai ke kira lambar shasis, a takardun waje VIN, haruffa da alƙaluma 17 ce tun daga 1981. Kada ka karɓe ta daga bakin kowa. Leƙa ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, za ka gan ta a wani ɗan ƙarfe. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, ita ma tana ɗauke da lambar, da wata da shekarar da aka ƙera motar. Sai ka gwada biyun da ta takardar kwastan. Harafi ɗaya ya saɓa, ka yi sallama da su.

Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don haka duk abin da ya yi maka kama da O sifiri ne. Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, K Koriya, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, na goma shi ne shekara: alƙaluman 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, sai a tsallake I a ce J 2018. Nan ake kama motar da fanalbita ya sauya wa fitilu da bamba aka ɗaga mata shekara. Motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, ba duka ke bin wannan ƙa'idar ta harafi na goma ba.

Mataki na 2: duba ko akwai kiranyen da ba a gyara ba

A wayarka ka buɗe nhtsa.gov/recalls, ka rubuta lambar. Kyauta ne, tun 2014 aka buɗe shi. Zai nuna maka kiranyen da ke kan wannan motar ita kaɗai wanda har yanzu ba a gyara ba. Idan ya nuna sifiri, ma'anarsa ko an gyara, ko ba a taɓa kiranta ba. Yana da iyaka: motar da ta haura shekara 15 ba lallai ya nuna komai a kanta ba, kuma bai san motar da ba a yi wa kasuwar Amurka ba. Saboda haka ka maimaita binciken a shafin kamfanin da kansa, kamar toyota.com/recall. Honda da Hyundai da Ford duk suna da irin nasu. Motar Kanada ana duba ta a shafin hukumar sufurin Kanada, ta Jamus kuma hukumar KBA ce ke riƙe da jerin.

Ka ɗauki hoton abin da ya fito. Zai yi maka amfani a wajen ciniki.

Mataki na 3: jakar iska, a nan za ka daɗe

Kiranye mafi girma a tarihin motoci a Amurka na jakar iskar kamfanin Takata ne na Japan: kimanin jaka miliyan 67, a motocin kamfanoni 19. Kuma ya faɗo daidai kan motocin da suka cika titunanmu.

Ga yadda abin yake. A cikin sitiyari, da kuma cikin dashbod gaban fasinja, akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Idan an yi karo, sinadarin ya kama da wuta, ya fitar da iskar da ke hura jakar cikin ƙiftawar ido. Takata ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitret, mai araha, wanda zafi da laima ke lalatawa idan shekaru suka ja. Idan ya lalace sai ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su yi fuskar mutum da wuyansa. Ɗan karon da mutum zai fito ya kaɗe riga sai ya zama ajali. An tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 28 a Amurka kaɗai. Honda ta fara kiranyen a 2008 da motoci 'yan dubbai, abin ya yi ta faɗaɗa shekara bayan shekara, har Takata ya amsa laifin zamba a 2017, aka ɗora masa dala biliyan ɗaya, ya durƙushe a wannan shekarar.

Akwai motocin da aka ce kada ma a tuƙa su sai an sauya jakar. A ciki akwai Honda Accord da Civic na 2001 da 2002, CR-V da Odyssey na 2002, Pilot ta 2003. A farkon 2024 Toyota ta yi irin wannan gargaɗin a kan Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 ta 2004 da 2005, kuma Pontiac Vibe ta 2003 da 2004 na cikin jerin, tun da 'yar'uwar Matrix ce. A RAV4 jakar direba ce, a Corolla da Matrix ta fasinjan gaba ce. Duk wanda ya san tashoshin motarmu ya san nawa ne daga cikin waɗannan ke lodin fasinja, wani lokaci mutum biyu a kujerar gaba.

Wani zai ce ai arewa busasshiya ce. Motar ta riga ta yi shekarunta a Florida ko Texas kafin ta zo, ta kwana a bakin teku a Legas, nan kuma ga zafin bazara ga damina. Shekaru ne ke aikin, kuma ba sa komawa baya.

Bayan binciken lamba, ga gwajin da za ka yi da idonka. Zauna a kujerar direba, murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar da inji. Nemi fitilar jakar iska, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Ya kamata ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu ita kaɗai, alhali fitilar baƙin mai da ta batir suna nan a kunne. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe ta. Idan ta ƙi mutuwa sai da ka tayar da inji, sannan ta mutu tare da fitilar mai a lokaci guda, to rewaya ya haɗa wayoyinsu ne don ya rufe wata matsala. Shafa tsakiyar sitiyarin kuma. Fatar da aka ɗinke ko aka liƙe da gam tana da tudu, launinta kan ɗan bambanta da na sauran. Motoci da yawa da suka yi haɗari a can, murfi kawai ake mayar musu, ciki wayam.

Idan za a sauya, kada a sayo tsohuwar jaka a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a ce an gyara. Daga jikin mota irin taka aka ciro ta, mai shekaru irin nata, wataƙila ma daga rukunin da aka yi wa kiranyen. Sabuwa ake nema, mai lambar kayan da kamfani ya fitar don gyaran, ta hannun wakilin kamfani. Idan motar na cikin jerin waɗanda aka hana tuƙawa kuma ba ka da hanyar samun sabuwar, shawarata ka bar ta, komai arharta.

Mataki na 4: binciki injin da giyar, ba motar kaɗai ba

A wannan shafin na NHTSA, maimakon lamba, rubuta shekara da kamfani da samfurin motar. Zai fito da duk kiranyen da aka taɓa yi wa irinta, da ƙorafe-ƙorafen masu ita, da takardun TSB. Da Turanci suke, idan ya yi maka nauyi ka zauna da wanda ya iya. Abin da kake nema shi ne ƙorafi ɗaya da ke ta maimaita kansa a kan ɓangare ɗaya.

Injin Camry da muka fara da shi, mai suna 2AZ-FE, matsalarsa a fistin da ringi take: baƙin mai na wucewa ya ƙone tare da fetur. Toyota ta fitar da TSB a kansa a 2011, daga baya ta ƙara garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da ta yi amfani da shi shi ne, injin da ya shanye kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato ƙasa kaɗan da kilomita 2,000, ya cancanci sabbin fistin. Wannan wa'adin ya daɗe da ƙarewa. Injin na cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2008 ma. Ba kowanne ke sha ba, kuma wanda ke sha zai iya yin shekaru yana aiki muddin mai shi na duba mai duk mako. Wanda ya dogara da ranar juye kaɗai shi ne injinsa ke bugawa a hanyar Zariya.

Hyundai Sonata ta 2011 da 2012 labarinta ya fi muni. A 2015 kamfanin ya yi kiranyen mota 470,000 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin injin Theta II a masana'antarsa ta Alabama. Ɓurɓushin na toshe hanyar mai, metal ya cinye, inji ya fara ƙwanƙwasa, ya tsaya cak, wani lokaci har da gobara. Wani injiniyan kamfanin, Kim Gwang-ho, ya kai rahoto ga hukumar Amurka cewa kiranyen bai kai inda matsalar ta kai ba. A 2017 aka faɗaɗa shi zuwa wasu shekarun da wasu motocin Kia, a 2020 aka yanke wa kamfanonin biyu hukuncin da ya kai dala miliyan 210, a 2021 kuma hukumar ta ba injiniyan ladan dala miliyan 24. Idan Sonata ko Kia Optima ta waɗannan shekarun kake so, tambayar farko ita ce ko an sauya mata inji a can.

Honda Accord da ake kira EOD, mai silinda shida ta 2003 da 2004, tana cikin motoci fiye da miliyan ɗaya da aka kira a 2004 saboda giya ta biyu na yin zafi don ƙarancin mai. Mai silinda huɗu ba ta ciki. Nissan kuma ta ninka garantin giyarta mai sarrafa kanta da ake kira CVT zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka gwada giyar Murano ko Altima da kyau, bayan ta ɗau zafi, a kan hawa.

Da wannan bayanin za ka je wurin bakanikenka, wanda kai ka zaɓa, ba na dillali ba. Ka ce masa: "Oga, wannan injin an san shi da shan mai, a ciro min fulogi in gani." Fulogin da ya yi baƙin danƙo ko farin ɓawo ya ba ka amsa. Ka zo da sassafe kafin a ɗumama injin, ka tsaya a baya lokacin da za a tayar, ka ga ko salansa za ta fitar da shuɗin hayaƙi. A sa mata kwamfuta, kuma a duba ko ba a jima da goge bayanan kuskure ba, domin kwamfutar na nuna hakan.

Mataki na 5: tarihin ita motar

Tokunbo da yawa daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama suke, irin na Copart da IAA. Rubuta lambar a Google kawai, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin fenti. Kamfanin Carfax na sayar da cikakken rahoton tarihin mota, shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora a Amurka, kuma kyauta yake nuna ko an taɓa rubuta ta a matsayin ta sata ko wadda inshora ta sallama. Motar da ambaliya ta ci, irin na guguwar Harvey ta 2017, ta fi wadda ta yi karo sharri, don ruwa a wayoyi yake ɓuya. Ɗaga kafet, ja bel ɗin kujera har ƙarshe, leƙa ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, shinshina but.

Mataki na 6: wa zai gyara?

Idan kai ne ke yin odar motar daga Amurka ta hannun wakili, dama na hannunka: ka duba lambar tun kafin a biya, in akwai kiranye ka sa a kai ta garejin wakilin kamfani a can kafin a loda ta. Zai ja maka jinkiri da ɗan kuɗin ɗawainiya, amma gyaran kyauta ne. Ƙarin garanti kam yawanci ya faɗi da zarar inshora ta sallama mota.

Idan ta riga ta iso, dokar Amurka ba ta ɗaure wakilin kamfani na nan ba. Duk da haka ka je da lambar da hoton kiranyen ka tambaya, ko za su yi, ko za su yi maka odar kayan ka biya. Sai ka lissafa kuɗin ka cire daga farashi tun a wajen ciniki. Dillali zai ce, "Haba Alhaji, wannan ai maganar Turawa ce." Nuna masa wayar. Ba a cinikin biri a sama.

Mataki na 7: bayan ta zama taka

Matsalar totur ta Toyota ta fito fili ne a watan Agustan 2009, lokacin da wata Lexus ES350 ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu. Shimfiɗar ƙafa ce, wadda ba ta motar ba, ta danne totur. Mu kuwa mun saba ɗora tabarmar roba a kan kafet, wani ma ya ƙara guntun darduma don gudun ƙura. A gefen direba shimfiɗa ɗaya tak, kuma a maƙale ta da ƙugiyarta. Idan totur ya taɓa maƙale maka, taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka yi ta sakewa kana takawa, mayar da giya N, gangara gefe, sannan ka kashe. A Toyota mai maɓalli sai ka danne shi na daƙiƙa uku kafin inji ya mutu. Makulli kuma a rage masa kaya. A lokacin kiranyen GM, umarnin da aka ba masu motocin shi ne su cire komai daga jikin makullin, saboda nauyi na taimaka masa ya zame.

Adalci ne kuma a ce ba duk lalacewa ce ta kamfani ba. Bakaniken da ya cire tamostat ya haɗa fanka kai-tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya, ya zuba mai mai kauri a injin da murfinsa ke cewa 5W-20, ya sa man giya na gama-gari a CVT, shi ya kashe motar. Haka man 'yan bumburutu, haka fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022. Lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska a kai a kai. Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a motar, duk juye da duk gyara ka rubuta kwanan wata da kilomita. Da shi za ka gane ko inji ya fara sha. Lambar kuma ka riƙa sake duba ta sau biyu a shekara, don sabon kiranye na iya fitowa a kan tsohuwar mota.

Wanda ya sayi sabuwa fil daga wakilin kamfani a nan gida, hakkinsa ya fi ƙarfi. Ya karanta takardar garanti, ya yi sabis a inda aka ce kuma a kan lokaci, ya adana kowane rasit. Matsala ta taso, ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi takardar aikin da aka yi duk lokacin da ya kai ta, ko da sun ce ba su ga komai ba. Idan aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo, a Najeriya hukumar kare hakkin masu saye ta FCCPC na karɓar ƙorafi, kuma waɗannan takardun za ta fara tambaya.